Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Hayaƙin Sigari a Cikin Gida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka ta dawo daga wajenku da labarin da ya sa na ga gara in rubuto maka, domin maganar ta fi ƙarfin waya. Ta ce har yanzu amaryata, wato 'yarka, tana kwana tari, kuma ta ga guntayen sigari a bakin tagar falo.

Ba zan ja da kai yau kan barin sigari ba, don mun sha yin wannan magana, kuma kai ba yaro ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne faɗin da kake yi wai kanka kaɗai kake cutarwa. Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan da ke ci da wuta ba ya bi ta audugar da ke gindinsa, shi ne kuma matarka da 'yarka suke shaƙa, haɗe da wanda ka busar. A cikinsa akwai sinadarai fiye da 7,000, waɗanda kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 1 ne ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wani ya busa, alhali su ba sa shan taba.

Kowa huhu yake tunawa idan an ambaci taba, amma ni ɓarnar da take yi wa zuciya ta fi ba ni tsoro, domin ba ta zuwa da tarin da zai yi gargaɗi. Hayaƙin yana ɗauke da irin gubar nan ta hayaƙin janareta, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar isasshiyar iska, sai zuciya ta ƙara wahala kafin ta ciyar da jiki. Yana kuma ƙuje bangon jijiyoyin jini ta ciki, ya sa jini saurin yin gudaji, kuma wannan canji yana iya farawa cikin rabin sa'a na zama a ɗaki mai hayaƙi. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya nuna cewa wanda ba ya shan taba amma yake zaune da mai sha, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na dajin huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Ka tuna matarka ta yi fama da hawan jini lokacin goyon ciki.

Ita kuwa yarinya, huhunta bai gama ƙwari ba, kuma ta fi babba saurin numfashi, saboda haka rabonta na hayaƙin ya fi na kowa. Daga nan limoniya da asma da ciwon kunne suke samun ƙofa.

Na san za ka ce kana buɗe taga ka kunna fanka. Fanka zagaya hayaƙin kawai take yi, abin da ya rage kuma ya maƙale a labule da kujeru da rigarka, wadda kake rungumar yarinyar da ita. Ga hunturu ya matso, lokacin da kowa ke rufe tagogi.

Abin da nake nema a wurinka kaɗan ne. Kada a ƙara kunna sigari ko shisha a cikin gidanka ko motarka, ko da baƙo ne, kuma idan ka sha a waje ka wanke hannu ka sake riga kafin ka ɗauke ta. Ka kai ta asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita da bakinka cewa ana shan taba a gidan, sannan ka kira ni in ji abin da ya ce.

Ka gaishe min da mai ɗakinka. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.