Wasiƙa zuwa ga ɗana: idan jirginku ya iso Isna

Makka, daren Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, yaya aiki, yaya zafin Riyad? Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Innarku ta yi sauƙi, har ta koma fita Harami da asuba.

Ita ce ta gaya mini kun tsai da shawarar yin hutunku a Masar, cikin jirgin ruwan nan na masu yawon buɗe ido da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu a kan kogi. Kawunka ya ce almubazzaranci ne. Ni ban ga haka ba. Mutum ya shekara yana aiki, ya ɗauki matarsa ya kai ta ganin Nilu da halaliyarsa, ina abin zargi? Na zauna rubutu ne domin a waya kullum kana sauri, ni kuwa maganata tana son zama.

Jirgin nan otal ne da ke tafiya. Abinci sau uku, ɗaki mai sanyi, wurin iyo a can sama, ga jagora da 'yar tutarsa yana kora ku daga wannan tsohon gini zuwa wancan, ya maido ku kafin a ɗora cokali. Mutum yana iya gama kwanakin nan kaf bai gaisa da Bamisire ko ɗaya ba, in ka cire mai kawo masa shayi. Daga sama zai ga gonakin rake da ayaba da dabino, ya ga yara suna ɗaga hannu, ya ga jaki ɗauke da ciyawa, ya ɗauki hoto, ya dawo gida ya ce ya ga Masar. To bayan dabinon nan akwai garuruwa, kuma ɗaya daga cikinsu nake so ka taka da ƙafarka, wato Isna.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi kamfanin ko jirginsu yana ɗaurewa a Isna da rana. Da yawa wucewa kawai suke yi. In sun ce ba ya tsayawa, ka ɗauki mota daga Luksor tun da sassafe kafin ranar shiga jirgi. Kilomita 55 ne kudu, a gaɓar yamma.

Ko ba ku tsaya ba dai sai kun jira a can, domin akwai madatsar ruwa. Tsohuwar ta zamanin Ingilishi ce, an gama ta a 1908, an kuma gina sabuwa a shekarun 1990. Jirgi yakan shiga wani dogon lungu na kankare, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa har ya ɗaga shi ya daidaita da kogin da ke gaba, sannan a buɗe masa. Jirage sukan yi layi, wani lokaci na sa'o'i. A wannan jiran ne za ka ga cinikin da ba ka taɓa gani ba. Samari biyu-biyu cikin ƙananan kwale-kwale za su matso, su maƙala igiya a jikin jirgin, ɗaya yana riƙe da filafili, ɗaya a tsaye yana ware jallabiya ko mayafin tebur yana kiran farashi da kowane harshe. Kafin ka ankara ya ƙunshe kayan a leda ya wurgo, ya haye hawa huɗu ya faɗo gabanka. In ka saya, ka sa kuɗin a leda ka jefa masa. In ba ka so, ka mayar. Roƙona a nan ɗaya ne: in ba saye za ka yi ba, kada ka ɗaga hannu a jefo maka don nishaɗi, in kuma za ka mayar, ka saita kwale-kwalen da kyau. Ledar da ta faɗa ruwa jarin wani ce.

Daga bakin kogi zuwa tsakiyar gari tafiyar 'yan mintoci ce, ta cikin kasuwa mai rumfa. Jagora zai kai ku wurin bautar Khnum, wani gunkin Misrawan da, kai tsaye. Ka je, ka duba da kyau. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne sauka za ku yi ba hawa ba, domin ginin yana cikin rami, wajen mita tara ƙasa da titi. Ba tona masa rami aka yi ba. Gari ne ya yi ta rushewa ana sake gini a kan ɓaraguzansa, zuriya bayan zuriya, har ƙasa ta taso ta kusa binne shi. Zauren gaba ne kaɗai aka tono, mai ginshiƙai 24, aikin zamanin Rumawa. Sauran yana ƙarƙashin gidajen mutane, suna girki suna shanya a kansa. A ƙarni na 19 har rumbun auduga aka mai da shi. Hayaƙi da ƙura sun baƙanta rufin, sai daga 2018 ma'aikatar kayan tarihi ta Masar da Jami'ar Tubingen ta Jamus suka shiga goge shi a hankali, launukan asali suka fito, da zanen taurari da buruji. Kawunka zai ce me ya kai Musulmi ɗakin gumaka. Ka ce masa an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Mutanen da suka sassaƙa dutsen nan sun ɗauka wani mai kan rago ne ke ƙera ɗan Adam da yumɓu, suna kuma girmama giwan ruwa har su yi masa likkafani su binne, kifin da mu muke soyawa da yaji. Ka duba gwanintar hannunsu, ka gode wa Allah da shiriya.

Nan jagora zai ce a koma jirgi. Kai kuwa nan ziyararka ta fara. Ka nemi izini, ka tambayi ƙarfe nawa za a kwance igiya, ka ja hannun matarka ku tsallaka zuwa Wakalar Jiddawi, tana nan dab da ramin. Masaukin fatake ne da aka gina a 1792: tsakar gida a tsakiya, ɗakunan ajiye kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ka tsaya a tsakar gidan nan ka tuna cewa ayarin da ke fitowa daga Sinnar da Darfur a irin wannan wuri suke sauke kaya, ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da raƙuma. Har da bayi, kada wani ya ɓoye maka wannan, baƙaƙen mutane irinmu da aka koro ta hamada a ƙasa. Isna ta yi arziki ne da hanyar kudu, kuma kudun nan shi ne inda aka yanke mini cibiya.

Kai an haife ka a Makka, ba ka san kogi ba sai a hoto. Ni a Mai Wurno ta ƙasar Sudan na tashi, kudu da Sinnar kaɗan, a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ruwan da zai ɗauki jirginku, mafi yawansa ta ƙofar gidanmu ya bi. Daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, ya wuce Rusairis da Sinnar, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, sannan ya nufi Masar. Don haka na san halin garin bakin kogi tun kafin in fara kai zoɓo da riɗi Aswan ta jirgin Wadi Halfa. Mutumin irin wannan gari ya saba da baƙo, daga gare shi yake ci, kuma tun daga nesa yake rarrabe wanda ya zo kallonsa da wanda ya zo gaishe shi. Muna yara an sha zuwa da na'urar hoto a tsaya a kan iyayenmu mata suna wanki a mashaya, ba sallama ba neman izini, a ɗauka a juya. Har gobe ina jin zafin abin. Kada ka zama wannan mutumin a garin wasu. Ka yi sallama, ka tambayi lafiya, in kana son hoto ka nemi izini, in an ce a'a ka mai da wayarka aljihu. Mata kuwa kada ma ka tambaya. In akwai hira, iyalinka ta yi musu.

Daga wakalar ka ɗaga kai, za ka ga hasumiyar masallacin Amri, ta zamanin daular Faɗimiyya, tun wajen 1081. Masallacin an sake gina shi, ita ce ta rage. In azahar ta same ka a nan, ka shiga sahu da mutanen gari. Bayan sallama wani dattijo zai tambaye ka daga ina, kuma wannan hirar ta fi duk abin da jagora ya haddace.

Ka tambaya a nuna maka tsohuwar mamatsar mai. Ɗaki ne mai duhu, da dutsen niƙa da matsi na katako, bango da ƙasa duk sun sha mai sun yi baƙi suna ƙyalli, ƙamshin riɗi ya kama ko'ina. Suna matsar riɗi da habbatus sauda, har da irin latas, wanda aka san Isna da mansa. Ka nemi burodin da suke ajiye ƙullunsa a rana ya kumbura kafin a gasa, ka ci da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, domin adas ɗin garin ya yi suna a Masar duka. Sannan ku sami benci a gidan shayi ku zauna, ba don komai ba. Rabin sa'a a zaune kana kallon mai gyaran keke da 'yan makaranta da mai tallan ruwan rake zai nuna maka garin fiye da zagayen yini. In wani ya rantse sai ya biya maka shayin, ka yi ja-in-ja sau ɗaya ka bar shi. Mutanen kudancin Masar suna da karamci da zuciya, ƙin karɓa cin fuska ne.

Batun ciniki. Da sun ga fatarka za su kira ka ɗan Sudan ko ɗan Nuba, su yi maka farashin gida. Da ka buɗe baki Larabcin Hijaz ya fito, kuɗin zai ninka. Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi ƙaryar asali don ragi. Ka taya, ka yi dariya, ka tafi in bai yi maka ba. Amma ka bambance mai shagon tsaraba na bakin kogi, wanda ya sa ribar mutum uku a kan gyale ɗaya, da tsohuwar da ke sayar da kwandon kaba a lungu. Shi ka ja da shi yadda kake so. Ita ka ba ta abin da ta ce. Ka riƙe canji ƙanana a aljihu dabam, domin mai buɗe ƙofa da mai tsaron takalma duk suna sa rai, kuma kowane farashi ka tabbatar fam ɗin Masar ake nufi tun kafin kaya su shiga hannunka.

A Idfu keken doki ne zai kai ku babban ginin bautar gunkin Horus, wanda aka fara a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka shafe shekara 180 ana aikinsa. Ku yi tsada ta zuwa da dawowa, a biya bayan an dawo. Ka dubi dokin kafin ka hau. In ka ga haƙarƙari a waje ko gyambo a ƙarƙashin ɗamara, ka wuce na gaba, in kuma mai keken ya shiga zabga bulala don ya burge ka, ka ce ba ka sauri. Kom Ombo da yamma akan isa, a ga kadojin da aka busar tun zamanin da, a wuce. Kusa da nan ne Daraw, kasuwar raƙuman da ake korowa daga Sudan, nan ne kuma yankin da aka zaunar da Nubawan Masar a farkon shekarun 1960 da ruwan babbar madatsar Aswan zai cinye garuruwansu, kamar yadda aka kwashe na Wadi Halfa zuwa Sabuwar Halfa. A Aswan za ka haɗu da mutanenmu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro. In ka ji Hausa a kasuwa ka tsaya ka gaisa, ka tambayi mutanen ina ne, ka yi abin da ya sawwaƙa a ɓoye. Kana hutu ne, su ba hutu ya kawo su ba, don haka ka rage nuna waya da agogo.

Kada zafi ya ruɗe ka ka faɗa ruwa, musamman magudanan gona da gefen da ruwa ke kwance, nan tsargiya take. Ruwan sha na kwalba. Salla kuwa matafiya ne ku, kuna da ƙasaru. Alƙibla daga can gabas ce da karkata kudu, wato in jirgi ya miƙe kudu tana hagunka da ɗan gaba, amma kogi yana lanƙwasa, sai ka duba kafin ka tayar. Da dare akwai kiɗa da rawa da mashaya a jirgin. Ka san gidan da ka fito, ita ma ta san nata. Saman jirgin bayan isha ya ishe ku.

Abu na ƙarshe, jiragen sukan ɗaure ne gefe da gefe, har sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa, kuma kafin ka dawo sun sauya wuri. Ka rubuta sunan naku, ka karɓi katin fita, ka ajiye lambar wani ma'aikaci, ka dawo da saura rabin sa'a. Takardunku su zauna a jikinka.

Innarku ta ce a sayo mata man habbatus sauda kwalba biyu daga mamatsar, a naɗe da kyau kada ya ɓata kaya, ni kuma adas mudu ɗaya in nauyin jaka ya bari. Ƙannenka suna gaishe ku. Ka gaishe mini da 'yata, ka ce ta riƙe hular rana da ruwa ko da kai ka ce ba ka bukata. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka