Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ruwan lagireto

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kun koma Ajah lafiya kai da iyalinka. Ran Juma'a da kuka zo mana Agege, kafin ku tashi na ga ka ɗaga bonet, ka fasa ledar fiya wata biyu ka ɗura a lagireto. Ban tanka ba saboda matarka na tsaye, ga yara, ba wurin da zan yi maka gyara ba ne. Amma abin ya kwana a raina, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka san tabon nan na hannuna na hagu da kake shafawa kana ƙarami kana tambayata? A kan gadar Third Mainland na samo shi, lokacin ina jan bas ina ɗauko kaya daga Mile 12. Gosulo ya riƙe mu tsakiyar gada, ba gaba ba baya, sai na ga allurar zafi tana hawa har ta taɓa ja. Na sauka da tsumma na murɗa murfin lagireto. Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke mini hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa, fata ta saluɓe. Da aka ja motar gareji aka zubar da sauran ruwan, ja-ja ne mai kauri kamar kunun kanwa, tsatsa ce zalla. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe sai da aka kai aka goge shi. Shekara da shekaru ruwan rijiya da na famfo nake zuba mata, ina ganin na yi arha.

Za ka ji masu cewa kulan, wato ruwan musamman da ake zuba wa lagireto, na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan Legas wane sanyi muke da shi. Rabin maganar suka sani. Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa, amma aikinsa a wurinmu biyu ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da kulan sai ya kai wajen 107, in kuma murfin lagireto mai kyau ya matse shi, yana wuce 120 bai tafasa ba. Injin kuwa a wajen 90 zuwa 100 yake aiki, ka ga tazarar da ke tsakani ita ce ke cetonka in ka tsaya awa biyu a hanyar Lekki da rana tsaka, ga na'urar sanyi a kunne. Na biyu, kuma shi ne babba, akwai maganin hana tsatsa a cikinsa. Injin motarka da lagiretonta alminiyam ne, ruwa mai gishiri cin sa yake daga ciki a hankali. Kai kuma ka fi kowa sanin ruwan burtsatsen unguwarku, yadda yake rina bokiti ya bar ja a bangon banɗaki. Abin da yake yi wa bokiti shi zai yi wa famfon ruwan injin da siraran hanyoyin lagireto, sai sun toshe.

To, wanne za ka saya? Kada ka bi launi kawai. Da can kore shi ne tsohon samfuri, wanda ake canzawa duk shekara 2. Yanzu kowane kamfani da rinin da yake sawa, ana iya samun biyu masu launi ɗaya amma haɗinsu daban. In ka gauraya waɗanda ba su jitu ba, maganin tsatsar yana raunana, wani lokaci ma ya yi gudaji kamar koko ya kwana. Abin bi shi ne littafin mota da rubutun jikin galan. Corolla ɗinka ta 2010 tana shan na Toyota mai ruwan hoda, wanda aka rubuta Super Long Life a jikinsa. A haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa ko ɗigo. Kamfanin ya ce canjin farko sai mota ta yi kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Taka tokumbo ce, ba ka san abin da aka zuba mata ba kafin ta sauka Apapa, kai ma ga shi ka ƙara mata fiya wata. Don haka a zubar da komai a fara sabon lissafi. Galan biyu za su isa har ka rage na ciko, domin cikinta bai wuce lita 6 ba.

In ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo, ka buɗe ido. Akwai na gaskiya, akwai ruwa da aka rina aka liƙa wa takarda. Ka duba hatimin murfi, kuma in farashi ya faɗi ƙasa da yawa ka ajiye ka wuce. In mai kauri ka samu wanda sai an sirka, da tataccen ruwa ake sirka shi, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba.

Ranar canji ka tsaya a kan bakaniken da kanka, kada ka bar makulli ka tafi. Sai injin ya huce sarai. A kwance ƙasan lagireto a tara tsohon ruwan a roba, a wanke da tataccen ruwa har ya fito garau, sannan a zuba sabo. A tayar da injin, a kunna hita, a jira fanka ta tashi don iskar da ta maƙale ta fita, domin iska a cikin tiyo ita ma tana sa mota zafi. Washegari da safe ka duba robar gefe, ruwan ya tsaya tsakanin layuka biyun. A duba tiyoyin da murfin ma, in robar murfin ta tsage a saya sabo, kuɗinsa kaɗan ne.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka. In bakanike ya ce bari ya cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa sai injin ya yi zafi ya buɗe masa hanyar lagireto, ya haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu, ka ce a'a. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai yana shan mai, yana saurin cinyewa. In tamostat ɗin ya lalace, sabo za a sa.

Tsohon ruwan kuma kada a bar shi a tsakar gida ko cikin gorar lemo. Zaƙi gare shi, ga launi mai jan ido, kuma guba ne da ke kashe ƙoda. Amaryata ba ta barin komai bai shiga bakinta ba, ka sa ragowar galan ɗin inda hannunta ba ya kaiwa.

In Allah ya kai mu Asabar ka biyo ta nan da sassafe kafin hanya ta cushe, mu je Ladipo tare. Innarka tana gaishe ku, ta ce ka taho mata da yaran.

Naka,
Mahaifinka