Ina Mamman Sani a shirinku na ranar Asabar?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne raina a ɓace game da shirinku na ranar Asabar. Ta yaya za a yi shiri sukutum da harshen Hausa a kan makaɗa da mawaƙan da aka manta da su, sai bayan shekaru duniya ta dawo tana nemansu, a ce har aka rufe ba a ambaci Mamman Sani ba?

Rodriguez na Detroit ya cinye muku kusan rabin lokaci, da aikin ginin da ya koma yi, da yadda mutanen Afirka ta Kudu suka riƙe waƙoƙinsa shi bai ma sani ba. Ban ƙi ba, labari ne mai taɓa zuciya. Kuka wuce kan Hailu Mergia, Bahabashen nan da ya yi tuƙin tasi a Washinton, kuka taɓo William Onyeabor na Inugu. To, shekarar da aka sake fito da kiɗan waɗannan biyun, wato 2013, ita ce dai shekarar da aka sake fito da na Mamman Sani Abdullahi na Yamai. Duk wanda ya binciko muku waɗancan, sai da ya gitta ta kan sunansa. Gida bai ƙoshi ba kun kai wa dawa.

Mu da muka tashi a Nijar zamanin Janar Kunce, kiɗan mutumin nan ne ya raine mu. A unguwarmu talabijin ɗaya ce, ana fito da ita ƙofar gidan mai unguwa bayan magariba, a ɗora a kan tebur, manya a kan benci, mu yara a zube a ƙasa. Idan shiri ya ƙare kafin wani ya soma, sai wannan fiyano ta shigo, a hankali, ba waƙa ba magana, ƙaramin bugu yana tafe a ƙarƙashinta. Lokacin ne mai gyaɗa take samun ciniki, iyaye mata su leƙo su kira wanda za a aika. A rediyo ma haka. Yayana idan yana wankin keke, ita yake bi da fito. Amma da za ka tsayar da mu ka tambayi wane ne mai kiɗan, ba wanda zai ba ka amsa. Mun ɗauka na akwatin ne, tare aka ƙero su.

Alhali mutum ne da ransa da hannuwansa. Malamin makaranta ne, ya kuma yi aiki da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a wajen wannan aiki ne ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla daga hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda. Da ita ya riƙa juya waƙoƙin gargajiyar ƙasarmu, har da na Fulani makiyaya da na Buzaye, yana fito da su cikin wata sabuwar murya. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa, wanda aka buga bai wuce ɗari ba. Ɗari, a ƙasa guda! Sai bayan fiye da shekara talatin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya a gidan tarihi na Yamai, ya nemi mai shi, aka buga shi a faifai shekara 35 bayan ɗaukarsa. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani Turai ya yi wasa a gaban jama'a.

Ni ma ta hannun ɗana sunan ya iso mini, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya zo da waya yana cewa, "Baba, ji wani kiɗa da Turawa ke yayi." Yana kunnawa tsigar jikina ta tashi. Na riga kiɗan zuwa inda zai sauka, yaron ya tsaya yana kallona. Na ce masa wannan namu ne, tun ba a yi auren uwarka ba muke jin sa. Ashe yaron da aka haifa a Maraɗi sai ya biyo ta Amurka kafin ya san makaɗin ƙasarsa. Wa ya kamata ya gaya masa in ba ku ba? Ku ne kuke shiga kowane gida, kowace rumfar mai shayi. Kun samu damar, kuka ba Detroit.

Ba na son a karanta wasiƙar nan a ce "mun gode da gyara" a wuce. Ku ware masa shiri nasa shi kaɗai, ku sa kiɗan ya tafi har ƙarshe ba tare da mai gabatarwa yana surutu a kai ba, ku kuma faɗi sunansa kafin a fara da bayan an gama. Sannan ku buɗe layi, za ku ji yawan dattawan da za su kira daga Damagaram da Tawa da Dosso.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ga wata kuma. Me ya sa kuka mayar da filin gaishe-gaishe daidai lokacin sallar isha'i? Kafin mu fito daga masallaci an ci rabinsa, wanda aka gaida ma sai dai a ba shi labari washegari. Don Allah ku mayar da shi lokacinsa na da.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.