Wasiƙa daga Bronx ta birnin New York: a hannun wa akalar take?

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu nan sanyi ya kama, sai da riga uku ake fita.

Ka tambaye ni ko da gaske ne a Amurka talaka ke naɗa shugaba da ƙuri'arsa. Na kwana biyu ina juya maganar. Ƙuri'a dai ana ƙirga ta, kuma ban taɓa ganin ɗan daba a rumfar zaɓe ba. Amma kafin sunan mutum ya hau takardar, kuɗi sun riga sun tankaɗe sun rairaye.

A Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalan Kotun Ƙoli 5 suka rinjayi 4, suka ce kamfani na iya kashe ko nawa ne wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin bai danƙa masa a hannu ba. Wai kashe kuɗi ma faɗin albarkacin baki ne. A zaɓen 2024 Elon Musk shi kaɗai ya zuba fiye da dala miliyan 250 a ɓangaren Trump, da aka rantsar sai ga shi riƙe da almakashin rage ma'aikatan gwamnati. Kada ka ɗauka 'yan Demokrat waliyyai ne, su ma attajiransu na nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magani. A 2003 majalisa ta yi dokar biya wa tsofaffi kuɗin magani a shirin Medicare na inshorar lafiya, amma a cikinta aka hana gwamnati yin ciniki da kamfanoni kan farashi. Ka ji fa: mai saye mafi girma a kasuwa, an ce masa kada ya taya! Billy Tauzin, ɗan majalisar da ya ja gaba wajen dokar, yana barin kujera ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magunguna. Baki in ya ci, ai ido kan ji kunya. Sai a 2022 aka kwance wa gwamnati hannu kaɗan, aka kuma tsayar wa tsofaffi kuɗin allurar ciwon suga a dala 35 a wata. Wata tsohuwa a benenmu, kafin nan, raba allurarta take yi don ta kai ƙarshen wata.

Duk wannan a fili ake yi, da rajista da rasit. Masu kamun ƙafa a majalisa ofis gare su a Washington, sana'a ce mai suna. Lokacin da kuke ta surutu kan fom ɗin APC na naira miliyan 100, abokan aikina dariya suka yi, wai arha ne.

Zan dai je in jefa tawa in lokaci ya yi, ko don kansilan unguwa, shi kam yana ɗaga waya.

Ka gaida kowa. In ka sami mai zuwa, ka aiko mini da yaji da kilishin da ka yi alkawari... a'a, bar kilishin, a filin jirgi za su ƙwace.

Naka,
amininka.