Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi Kan Horon Masu Ba da Shawara a Makarantun Firamare

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in jawo hankalinka ga horon da ake ba masu ba da shawara kafin a tura su makarantun firamare. A ganina an tsara horon nan ne domin matasa, amma a ƙarshe sai a damƙa wa wanda ya kammala shi yaro ɗan shekara shida a ce ya kula da damuwarsa.

Wannan giɓi yana da asali. Aikin ya faro ne daga jagorantar matasa wajen zaɓen sana'a, tun lokacin da Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'o'i a birnin Boston na Amurka a 1908. Ko da gwamnatin ƙasar ta zuba kuɗi wajen horar da masu ba da shawara a ƙarƙashin wata dokar ilimi ta 1958, makarantun sakandare ta nufa, sai a 1964 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da firamare. Har yau wannan gado bai saki manhajar ba, domin ɗalibi yakan fito ya ƙware a gwajin basira da zaɓen darussa da zaman tattaunawa ido da ido, alhali duk waɗannan dabaru sun dogara ne ga mutumin da zai iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa.

Ƙaramin yaro kuwa ba ya zama a kujera ya ce yana cikin ƙunci. Sai dai a ga wanda ya daɗe da daina fitsari a wando ya koma yi, ko wanda ke surutu ya yi tsit, ko kuma a iske yarinya ta shige ƙarƙashin tebur duk lokacin da malami ya ɗaga murya. Wanda ba a koya masa karanta waɗannan alamu ba, sai ya kira su taurin kai, ya mayar da yaron aji da nasiha. Tun 1947 Virginia Axline, wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, ta wallafa littafi kan yadda ake amfani da wasa wajen fahimtar yaro da taimaka masa, don haka abin takaici ne a yaye mai ba da shawara wanda bai taɓa zama a ƙasa da yaro da takarda da fensirin launi ba, a gaban ƙwararren da zai gyara masa kuskure.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da yaro zai matso ya ce zai faɗi wata magana amma kada a gaya wa kowa. A wannan lokaci dole mai ba da shawara ya san cewa ba zai yi alkawarin rufe asiri ba, kuma ba zai sa wa yaron magana a baki da tambayoyinsa ba, sannan ya rubuta kalaman yadda suka fito, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin a tashi daga makaranta. Sashe na 19 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kare yaro daga cin zarafi, kuma lacca guda ba ta isa ta shirya mutum ga irin wannan rana ba.

Hukumar CACREP da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasai a Amurka ta wajabta sa'o'i 100 na gwajin aiki na farko, da wasu 600 na sanin makamar aiki, waɗanda 240 daga ciki dole a yi su kai tsaye da masu neman taimako. Yawan sa'o'in ma bai kai muhimmancin wurin da aka yi su ba. Roƙona shi ne duk wanda za a tura firamare ya yi kaso mai tsoka na gwajinsa a firamare, a hannun ƙwararren mai ba da shawara, kuma a koya masa zama da iyaye da malamin aji, tunda su ne ke riƙe da yawancin ranar yaron.

Ranka ya daɗe, horo mai kyau ma yana lalacewa idan aka mayar da mai shi magatakarda ko mai cike gurbin malamin da bai zo ba. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun Amurka ta ba da shawarar mutum ɗaya ga ɗalibai 250, kuma kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa ya tafi ga hidimar ɗalibai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta nuna cewa kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin a wuce shekara 14, abin da ke nuna muhimmancin wannan aiki tun daga firamare. Ina roƙon ma'aikatarka ta tara waɗanda suka yi shekarar farko a bakin aiki, ta tambaye su abin da suka tarar wanda ba a koya musu ba, sannan ta miƙa amsoshin ga jami'o'i da kwalejoji tare da wa'adin gyara manhajarsu.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin firamare