Dan Allah Edita a kawo mana tarihin Ben Abdallah, yaran Zango basu san shi ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Daga Aboabo nake rubutowa a nan Kumasi ta ƙasar Ghana kuma roƙo nazo dashi, a ware shafi guda a jaridar nan a kawo tarihin Dakta Mohammed Ben Abdallah, marubucin wasan kwaikwayo kuma darakta, don wallahi abin yana ci min rai yadda zaka zaga Asawase da Aboabo ka ambaci sunan bawan Allahn nan samari su tsaya suna kallonka, alhali sun haddace sunayen 'yan fim ɗin Kano dana Indiya kaf har da ranar aurensu.

A garin nan aka haife shi a 1944. Yayi karatun wasan kwaikwayo a jami'ar Legon, daga nan ya wuce Amurka har ya samu digirin dakta a Texas, amma bai zauna can ba ya dawo gida. Lokacin mulkin soja na Rawlings da ake kira PNDC ya riƙe sakataren ilimi da al'adu, wato matsayin minista kenan a lokacin, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka gina National Theatre, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa dake Ankara babban birnin Ghana, wanda 'yan Chana suka gina aka buɗe a 1992. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin a trotro, wato motar haya, ya ga farin ginin nan mai kama da jirgin ruwa. Da hannunsa kuma a kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Abibigromma a Legon a 1983, wadda har yau ake jin sunanta.

Amma ni ba muƙaman ne suka fi burge ni ba. Mutumin nan mu ya ɗauka ya ɗora a dandamali. Wasansa The Trial of Mallam Ilya malami ne a tsakiyar labarin, Land of a Million Magicians kuwa a unguwar Nima ta Ankara ya ajiye labarin, Nimar da mutane da yawa basa tunawa da ita sai in ana zancen ƙazanta ko rigima. Kuma salon da ya fito dashi wanda ya kira Abibigro, in ka duba da kyau ba baƙon abu bane a wurinmu, akwai mai bada labari a tsaye, ga kiɗa ga waƙa ga rawa, 'yan kallo ma ba zama suke shiru ba ana jawo su ciki su amsa. To ai haka kakanninmu suke mana tatsuniya, kaka tace gatanan gatananku mu amsa. Marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland ta riga ta share hanya da labaran Ananse na Akan, shi kuma ya buɗa abin ya shigo da mutanen arewa da Musulmi ciki.

Yanzu ga inda nake jin zafi. Ni malamin makaranta ne, kuma duk shekara in Maulidi ya gabato ni ake barwa shirya diramar yara. Bayan isha'i muke gwaji a farfajiyar makaranta, zanin gado ne labulenmu, gemun auduga muke manna wa yaron da zai fito a alƙali, makirfo guda ɗaya ana miƙawa hannu zuwa hannu. Akwai yarinyar da in ta fito a uwar miji iyaye mata har share hawaye suke don dariya, bata taɓa manta layi ko ɗaya ba, amma data shiga JHS, wato ƙaramar sakandare, babanta yace ya isa haka, dirama aikin marasa abin yi ne. Na je har gida na gaishe shi nace Alhaji a duba lamarin nan, yace Malam kayi haƙuri. Ban ga laifinsa sosai ba, don bai taɓa jin cewa akwai ɗan Musulmi haifaffen garin nan da wannan sana'ar ta kai shi har kujerar minista ba. Da wa zai gwada?

Kuma mutane basu san wahalar dake ciki ba, gani suke wasa ne kawai. Darakta shi zai zauna da 'yan wasa wata da watanni yana gyara musu tafiya da murya da inda kowa zai tsaya, furodusa kuma shi zai nemo kuɗi ya kama hol ya ɗinka kaya ya biya mai fitila da mai sauti ya saida tikiti. Aiki ne da ake ci da iyali dashi. Ku duba marubucin wasan kwaikwayo Uncle Ebo Whyte da kamfaninsa Roverman, tun 2008 yake fito da sabon wasa duk bayan wata uku kuma jama'a na cika wuri da kuɗinsu. Mu da muka cika Nima da Mamobi da Madina da Ashaiman da zangunan Kumasi, ace bamu da ƙungiya tsayayya mai yin wasan dandamali da Hausa? Ga Cultural Centre nan a Bantama kusa damu, mota ɗaya ce.

Don haka bayan tarihin nasa, ina roƙon jaridar nan ta kai kukanmu ga sarakunan Zango da alhazanmu masu hali da 'ya'yanmu da suka karanta wannan fanni a Legon da Winneba, a nemi izini a fassara ko da wasan Malam Ilya ne zuwa Hausa a nuna shi a Kumasi bayan babbar Sallah. In 'yan wasa ake nema ina da yara a hannu da zasu iya, kuma ni da kaina zan bi gida gida in roƙi iyayensu.

Wassalam. Naku, malamin makaranta daga Aboabo, Kumasi.