A riƙa kwance damin manhaja a ga abin da ke ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da masu rubuta manhaja, musamman waɗanda suka fara aiki da manyan ginshiƙai, wato shiryayyun tsare-tsaren da ake gina manhaja a kansu, irin su Spring Boot da ASP.NET Core. Akwai fahimtar da ta yaɗu a tsakaninsu cewa da zarar ginshiƙi ya ɗaure maka ƙunshe-ƙunshensa a dami guda, to ka huta da tunanin abin da manhajarka ta dogara a kai. Hutun gaskiya ne, amma bai kai yadda ake zato ba.

Bari mu fara da ciwon da damin ya zo magancewa. Babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Ana aro laburare ne, wato ƙunshin kod da wasu suka riga suka rubuta: wannan na karanta JSON (wani tsarin rubuta bayanai), wancan na magana da rumbun bayanai, wani kuma na rubuta tarihin abin da manhajar ke yi. Kowane laburare yana da nasa abin dogaro, shi ma wancan yana da nasa. Sai mutum ya rubuta suna biyar a fayil, ya ga an sauke masa gommai. Rigimar tana tashi ne idan laburare biyu suka dogara da abu ɗaya amma siga daban, ɗaya na son 1.2, ɗaya na son 2.0. Kowane kayan aikin da ke sauko da laburare da irin hukuncinsa a nan. Maven yana ɗaukar sigar da ta fi kusa da tushen aikinka, idan nisan ya zo ɗaya ya ɗauki wadda aka fara ambata. Gradle yana ɗaukar mafi girma. NuGet yana ɗaukar mafi ƙanƙanta da ta cika sharaɗi. Shi kuwa npm yakan ajiye duka biyun, kowace a ƙarƙashin mai neman ta. Abin takaicin shi ne sau da yawa ginin manhajar yana kammala lafiya lau, sai tana tsakiyar aiki a hannun jama'a ta faɗi da saƙon NoSuchMethodError, domin laburaren da aka hana sigarsa ya kira wani aiki da babu shi a sigar da aka zaɓa.

Damin ya zo ne ya ɗauke wannan zaɓen daga kanka. A jerin siga ta 2 da ta 3 na Spring Boot, layi ɗaya mai suna spring-boot-starter-web yana kawo Spring MVC, da sabar Tomcat, da Jackson mai sarrafa JSON. A bayansa akwai wani jadawali, spring-boot-dependencies, wanda ya tsayar da lambar sigar laburare masu ɗimbin yawa da aka gwada su tare. Saboda haka ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce, kuma ita aka fi karyawa: duk abin da ke cikin jadawalin, a rubuta sunansa kawai, kada a sa masa lamba. Yawanci ana karya ta ne wajen kwafo misali daga intanet, a manna shi da tsohuwar lambarsa. Daga ranar, wannan laburaren ya fita daga dami, kuma idan aka ɗaga sigar ginshiƙin gaba, kowa zai matsa, shi kuwa ya tsaya a inda yake.

Girman dami ma yana da iyaka, kuma tarihin Microsoft ya nuna haka. A 2017, da ASP.NET Core 2.0, suka fito da Microsoft.AspNetCore.All, wanda ya tattaro kusan komai har da kayan wasu kamfanoni. Shekara ɗaya bayan haka, a siga ta 2.1, suka ce a koma Microsoft.AspNetCore.App, inda aka rage yawancin kayan da ba nasu ba. A 2019, a siga ta 3.0, suka cire har da Newtonsoft.Json da Entity Framework Core daga cikin abin da ke zuwa da ginshiƙin, wanda ke so ya ɗauko su da kansa. A ganinmu dalilin a fili yake. Duk abin da ka ɗaure a daminka, ka ɗauki nauyin gyaransa da lokacin fitowarsa, alhali ba kai ke rubuta shi ba. Kamfanonin da ke haɗa nasu damin na cikin gida don ma'aikatansu su kula da wannan, domin sukan cusa duk abin da wani sashe ya taɓa nema, har damin ya yi nauyin da babu mai ƙarfin halin taɓa shi.

Inda maganar ta fi zafi shi ne tsaro. A watan Disamba na 2021 aka bayyana ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Log4Shell a laburaren Log4j 2 mai rubuta tarihin aikin manhaja, wadda ke bai wa maharin da ke nesa damar sa sabar ta gudanar da umarninsa ta hanyar tura rubutun da za a shigar cikin tarihin aiki. Tambayar da ta hana mutane barci a makon ita ce: shin muna da shi? Da yawa ba su taɓa rubuta sunan Log4j da hannunsu ba, wani ƙunshi ne ya shigo da shi ta ƙarƙashi. Masu Spring Boot da suka bar shi yadda ya zo sun tsira, tunda tun asali Spring Boot yana amfani ne da wani laburaren daban mai suna Logback, amma waɗanda suka sauya zuwa spring-boot-starter-log4j2 abin ya shafe su. Gyaran ma bai zo sau ɗaya ba, an fitar da 2.15.0, sai 2.16.0, sai 2.17.0, sannan 2.17.1, duk a cikin watan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda bai san bangayen gidansa ba ina zai fara duba tsagar?

A nan ne hanyar gyara ta bambanta gwani da ɗan koyo. Mai gaggawa yakan ƙara log4j-core da sabuwar lamba a fayil ɗinsa, ya manta cewa log4j-api yana nan a tsohuwar sigar da damin ya tsayar, sai ya bar 'yan gida ɗaya a sigogi biyu. Hanyar da ta dace ita ce a sauya ƙimar log4j2.version, wadda ginshiƙin ya tanada domin irin wannan rana, sai dukan iyalin su matsa tare. A kuma rubuta ɗan bayani a gefen layin: dalilin sauyin, da sigar ginshiƙin da idan aka kai za a goge shi. Idan ba a goge ba, layin da ya ceci manhajar bana shi zai riƙe ta a tsohuwar siga baɗi.

Sanin abin da ke ciki kuwa bai fi umarni ɗaya ba. A Maven akwai mvn dependency:tree, a Gradle akwai gradle dependencies, da dependencyInsight idan ana son sanin dalilin da ya sa aka zaɓi wata siga. A npm akwai npm ls da npm explain, a .NET kuma dotnet list package tare da --include-transitive ko --vulnerable. A riƙa duba wannan bishiyar kafin ɗaga siga da bayan ɗagawa, a gwada su biyun. Sai dai a sani, akwai abin da bishiyar ba ta nunawa: wasu masu laburare sukan kwafe kod ɗin wani laburaren su narkar da shi cikin nasu fayil, wani lokaci har su sauya masa suna. Irin wannan sai na'urar binciken da ke buɗe fayil ɗin ta leƙa ciki.

Abin da ba a buƙata a cire shi ta ƙofar da aka tanada. Wanda ya fi son Jetty a kan Tomcat sai ya ware spring-boot-starter-tomcat daga damin sannan ya ƙara spring-boot-starter-jetty. Ƙara na biyun ba tare da cire na farkon ba yana barin sabar biyu a jaka ɗaya, ga nauyi ga ƙarin abin da za a riƙa bibiyar tsaronsa.

Sai maganar kulle siga, wadda ta fi damun masu JavaScript. Alamar ^ da npm ke sawa a gaban lamba tana nufin a karɓi duk sabuwar siga matuƙar lambar farko ba ta canza ba, wato ^1.2.3 ta yarda da komai ƙasa da 2.0.0, ita kuwa ~1.2.3 tana tsayawa ƙasa da 1.3.0. Don haka mutum biyu na iya sauke aiki ɗaya a ranaku daban su sami kaya daban. Maganinsa fayil ɗin package-lock.json, wanda ya zo da npm 5 a 2017. A ajiye shi cikin ma'ajiyar kod tare da sauran fayiloli, kuma a na'urar da ke gina manhaja a yi amfani da npm ci, wanda ke ƙin ci gaba idan fayil ɗin kullen bai dace da package.json, fayil ɗin da ake jera abin da aikin ke buƙata, ba, maimakon ya gyara shi a ɓoye. Kullen dai ba ya hana ƙunshi ɓacewa daga inda ake sauke shi. A watan Maris na 2016 mai wani ƙaramin ƙunshi, left-pad, mai layi 11 kacal, ya janye shi daga npm, gine-ginen manhajoji da dama suka tsaya cak. Kamfanin da ba zai iya jure irin wannan ba sai ya kafa nasa rumbun na tsakiya da ke ajiye kwafin duk abin da aka taɓa saukewa.

Wajen ɗaga sigar damin kansa, kada a yi tsalle. Spring Boot 3.0, da ya fito a Nuwamba 2022, ya buƙaci Java 17, ya kuma mayar da sunayen da ke farawa da javax na ɓangaren Java EE zuwa jakarta. Duk laburaren da ke wajen damin wanda ke amfani da waɗannan sunaye amma bai yi wannan ƙaura ba, to zai daina aiki. Mai tsohuwar siga ya fara hawa 2.7, ya gyara duk gargaɗin da ya bayyana, ya jera laburaren da ya ɗauko da kansa ya tabbatar kowanne yana da sigar jakarta, sannan ya taka 3.0 a sauyi na daban wanda ba a cakuɗa shi da wani sabon aiki ba, yadda idan gwaji ya faɗi za a san daga ina ne.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Naka,
Wasu masu aikin rubuta manhaja